Karen Wane Ne? Darasin Gatse Daga Rasha Zuwa Jimeta

A shekarar 1884 wata mujallar barkwanci ta ƙasar Rasha mai suna Oskolki ta buga wani gajeren labari da bai wuce shafi uku ba, sunansa Hawainiya. Wanda ya rubuta shi saurayi ne ɗan shekara 24, a shekarar ce ya gama karatun likita a Jami'ar Mosko, kuma rubutun ban dariya yake yi don ya samu abin ciyar da iyayensa da 'yan'uwansa. Bai ma sa sunansa na gaskiya ba, da sunan aro ya fito, wai shi Cekonte. Sai daga baya duniya ta san shi da Anton Cekof.

Ga yadda abin yake. Wani sufeton 'yan sanda mai suna Ocumelof yana ratsa filin kasuwa sanye da sabon kwat, kurtu na biye da shi ɗauke da rariya cike da 'ya'yan itacen da aka ƙwace a hannun wani. Sai ihu ya tashi. Kare ya ciji wani maƙerin zinariya a yatsa, mutane sun yi cincirindo, shi kuma ya ɗaga yatsan yana nuna wa jama'a jini. Sufeto ya gyara tsayuwa ya hau faɗa: dole a kashe karen, a ci tarar mai shi, yau zai koya wa masu sakin dabbobi hankali. Wani daga cikin taron ya ce ai kamar karen Janar ne. Nan take zafi ya kama sufeto, ya sa kurtu ya cire masa kwat, ya juya kan maƙeri yana tuhumarsa da ƙarya da neman diyyar banza, tunda ɗan kwikwiyo ba zai kai ga yatsan ƙato kamarsa ba. Kurtu ya ƙara duban karen ya ce anya, Janar ba ya ajiye irin wannan. Sai ga sufeto ya koma gidan jiya: kare ƙazami ne, maƙeri kuma an cuce shi, kada ya yarda. Kurtun dai ya sake cewa amma fa kamar ya taɓa ganin irinsa a gidan Janar. Wannan karon sanyi ne ya kama sufeto, ya ce a mayar masa da kwat, iska ta taso. Ana cikin haka kukun Janar ya zo wucewa, aka tambaye shi, ya ce ba nasu ba ne. Sufeto bai bari ya rufe baki ba ya yanke hukunci: karen titi ne, a kashe. Kuku ya ƙarasa maganarsa, ya ce na ɗan'uwan Janar ne da ya zo baƙunta. Fuskar sufeto ta cika da murmushi, ya shiga yaba wa karen kuzari da wayo, kuku ya tafi da abinsa. Jama'a suka kwashe da dariya, amma ba sufeto suke wa ba, maƙerin da aka ciza suke wa. Sufeto ya yi wa maƙerin barazana, ya ƙudundune cikin kwat ɗinsa ya ci gaba da sintiri.

Sau biyar mutumin nan ya juya hukunci yana tsaye wuri ɗaya, kuma tun daga farkon labarin har ƙarshensa marubucin bai kira shi munafuki ba, bai kira shi matsoraci ba, bai ja mai karatu gefe ya raɗa masa cewa ka dai ga halin masu mulki ba. Hukuncin da ya yanke kalma ɗaya ce tak, ita ce sunan labarin, ita ma a saman shafi ya ajiye ta ya wuce. Sauran aikin kwat ne ya yi shi. Rana ɗaya ce, wuri ɗaya ne, amma mutum ya ji zafi ya kuma ji sanyi cikin minti biyar. Mai karatu ba ya bukatar a gaya masa cewa ba yanayi ne ya canza ba.

Ba don tsabar ƙwarewa kaɗai Cekof ya yi shiru ba, har da dole. Rasha ta wancan zamani ƙasa ce da aka jera ma'aikatanta hawa 14 tun daga dokar da Sarki Bitrus Babba ya kafa a 1722, kowane hawa da irin gaisuwar da ake yi masa. Bayan kashe Sarki Iskandar na Biyu a 1881 sai aka ƙara matse bakin 'yan jarida, mujalla irin Oskolki sai ta bi ta hannun mai tacewa kafin ta shiga injin bugawa. A 1884 ɗin ma gwamnati ta rufe wata babbar mujalla da shahararren marubucin zambo Saltikof-Shedrin yake jagoranta. Ga kuma editan Oskolki, Nikolai Leikin, wanda ba ya son labari ya wuce layi ɗari ko kusa da haka. Mai tacewa ya hana shi zagi, edita ya hana shi tsawaitawa. Abin da ya rage masa shi ne ya sa mutane su tona wa kansu asiri da bakinsu da hannunsu. Ya kuma san sunkuyar da kai daga gida: kakansa bawan gona ne da ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841, shekarar da Modibbo Adama ya kafa Yola.

To mu nan ba baƙin gatse ba ne. Yaro ya fasa tangaran, uwa ta dube shi ta ce, “Madalla, sannu da aiki. Ga sauran can a kabad, je ka ƙarasa.” Ƙanwa ta ga yayanta ya tashi barci rana ta take tsaka, ta ce, “Hamma, yau ka yi sammako.” Fasinja a keke daga kasuwar Jimeta zuwa cikin Yola, direba ya afka rami har kansa ya bugi ƙarfe, ya ce, “Malam, akwai wani can gaba, don Allah kada ka bari ya wuce ka.” A cikin garin Yola kuwa, inda tarbiyyar pulaaku ta sa kunya da kawaici da haƙuri a gaba, mutum bai cika fitar da ɓacin ransa tsirara ba. Goggo za ta yaba wa surukarta girki da kalmomi masu daɗi, surukar ta kwana tana juyi a kan gado. Kayan aikin da marubucin Rasha ya sha wuya kafin ya ƙera, mu a tsakar gida muka tashi muka tarar da su.

Sai dai duk waɗannan da murya suke tafiya: jan harafi, taɓe baki, kallon gefen ido, da sanayyar da ke tsakanin mai faɗa da mai ji. Bafulatani zai kira Babarbare bawansa, Babarbare ya rama da abin da ya fi haka, a yi dariya a watse, domin wasa ne da aka gada kuma kowa ya san iyakarsa. Jika da kaka ma haka, taubasai ma haka. Ka ɗauki maganar nan ka rubuta ta a waya ka tura wa mutum dubu da ba su san ka ba, sai ta zama kifin da aka ciro daga kogin Binuwai aka ajiye a kan yashi. Babu murya, babu fuska, babu lasisin wasa.

Matasan da ke rubuta gajerun labarai da Hausa a yau, waɗanda ake karantawa a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, da masu shiga gasa irin Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, suna jin wannan giɓin ko da ba su sa masa suna ba. Mafi yawansu da bayani suke cike shi. Tauraruwa za ta yi magana, marubuciya ta bi ta da “ta faɗa cikin gatse”, ta ƙara da “tana mai taɓe baki cike da takaici”, wani lokacin har da ɗan hoton fuska mai dariya, don kada a yi kuskure. A ƙarshen labari kuma sai a buɗe sabon sakin layi a hau mumbari: ya ku 'yan'uwana, wannan ya nuna mana illar kaza. Mun gaji wannan daga tatsuniya da wa'azi da aji, inda tambayar jarrabawa kullum ita ce a kawo darussan da ke cikin labari. Ban raina wa'azi ba, yana da wurinsa. Amma gatsen da aka fassara ya mutu, domin daɗinsa duka a wurin nan yake da mai karatu ya gano abu da kansa ya ji kamar shi da marubucin ne kaɗai suka sani.

Wasu kuma sukan bi ɗaya hanyar, ta habaici. Labari ne a sama, a ƙasa kuwa jifa ce ga mutum ɗaya sananne: tsohon miji, kishiya, shugaban ƙungiya, ɗan majalisa. Wannan ma muna da gadonsa, makaɗan fada da na jama'a sun daɗe suna zambo, kuma in an iya yana da daɗin ji. Amma ransa gajere ne. Ran da rigimar ta wuce, labarin ya bi ta. Babu wanda ya damu a yau da ko akwai wani sufeto na gaske da Cekof ya gani a kasuwa, duk da haka yaran makaranta a Rasha suna karanta Hawainiya har gobe.

A Jimeta akwai wani dalilin da ya sa darasin ya fi matsa mana. Garin ya girma ne a bakin kogi da fatauci, ya zama mazaunin ofisoshi tun daga zamanin Turawa zuwa jihar Gongola a 1976 da Adamawa a 1991. Ka shiga Jambutu ko Luggere ko Doubeli ko Karewa za ka tarar da Fulani da Hausawa da Bachama da Bata da Camba da Kilba da Margi da Kamwe da Lunguda da Vere da Ibo da Yarbawa, Musulmi da Kirista, ƙofa na kallon ƙofa. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tasha, amma ga da yawa daga cikinsu harshe na biyu ne ko na uku. Kowa ya iya ta, amma ba kowa ne ya tashi da salon gatse iri ɗaya ba. Abin da yake raha a wannan gida, a gidan maƙwabci cin fuska ne. Marubucin da ya dogara da murya zai rasa rabin masu karatunsa, in ma bai jawo wa kansa fitina ba. Irin wannan kuskuren fahimta ya taɓa cin Daniyel Difo, mai littafin Robinson Crusoe. A 1702 ya rubuta wata ƙasida da bakin mai tsattsauran ra'ayi yana ba da shawarar a murƙushe waɗanda suka ɓalle daga Cocin Ingila, alhali shi ma cikinsu yake. Wasu masu tsaurin suka yi ta murna sun samu nasu, da gaskiya ta fito kuma aka kama shi, a 1703 aka tsayar da shi a turu a bainar jama'a. Gatsen da ke cikin aiki bai cika faɗa wa wannan ramin ba. Mutum ya cire kwat ya mayar, wannan ko da wane harshe aka ba da labarin za a gane.

Kayan labari kuwa Allah ya hore mana. A watan Yulin 2014 majalisar jihar Adamawa ta tsige Gwamna Murtala Nyako, kakakinta Ahmadu Umaru Fintiri ya zama muƙaddashin gwamna. A watan Oktoba kotu ta ce a rantsar da Bala Ngilari, wanda ya yi wa Nyako mataimaki. A watan Mayun 2015 Jibrilla Bindow ya karɓa. Mutum huɗu a kujera ɗaya cikin ƙasa da shekara guda, sannan a 2019 Fintiri ya dawo da ƙuri'a. Marubuci mai zafin kai zai so ya rubuta labari a kan gwamnonin, ya zaɓi gwaninsa ya zagi sauran. Wanda ya koyi darasin kwat zai bar su can a sama, ya sauko wani ɗan ofishi ya nemi dattijon masinjan da aikinsa ne rataye hoton gwamna a bango.

A ce oga ya shigo da safe, ko zama bai yi ba ya ce, “Baba, a sauke hoton nan, ni dama tun farko ban ga alheri a fuskarsa ba.” Masinja ya ce, “To, Yallaɓai.” Ya hau kujera ya sauke, ya goge ƙurar da hannun riga, ya naɗe shi a tsohuwar jarida ya tura bayan kabad. Aka rataye sabo, oga ya ja da baya ya ƙare masa kallo ya ce ka ga mutumin kirki. Bayan wata uku: “Baba, wancan ma a sauke, a jefar.” “To, Yallaɓai.” Bayan kabad ya samu na biyu. Ƙusar tana ta sassautawa saboda yawan ratayewa da saukewa, har masinja ya fara cusa tsinken ashana a ramin don ta tsaya. Shekara biyar suka wuce. Wata safiya oga ya shigo a gigice, baƙi na tafe daga sama, sabon hoto bai iso daga wurin mai firam ba. Masinja bai ce uffan ba, ya durƙusa ya zaro ɗaya daga bayan kabad ya warware jaridar. Oga ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Ai ni na ce maka a adana shi. Na san zai dawo.” Masinja ya ce, “Haka ne, Yallaɓai.”

A nan ya kamata alƙalami ya tsaya. Jarabar da ke jiran marubucinmu ita ce ya ƙara layi uku: masinja ya girgiza kai yana mamakin halin ɗan Adam, Allah wadaran naka ya lalace, da sauransu. Layukan nan uku su ne za su kashe abin da ƙusa da tsinken ashana suka gina. Kuma a lura, labarin bai taɓa mutuncin ko ɗaya daga cikin masu hoton ba. Ɗan kowace jam'iyya zai karanta ya yi dariya, ya kuma tuna wani oga da ya sani, watakila ma ya tuna kansa.

Haka nan kwana ukun nan na watan Afrilun 2023. Ranar Lahadi 16 ga wata kwamishinan zaɓe na jiha, Hudu Yunusa-Ari, ya sanar da Aishatu Dahiru Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna ana tsakiyar tattara sakamako. Hukumar zaɓe ta ƙasa ta soke sanarwar a ranar. Ranar Talata 18 ga wata aka bayyana Fintiri. Shari'ar wannan ba aikin mai gajeren labari ba ne. Nasa aikin yana teburin mai shayi, wurin mutumin da ya tsara saƙon taya murna iri biyu a wayarsa, yana gogewa yana mayarwa duk lokacin da rediyo ya yi magana, shayinsa na hucewa. Inda baki ya karkata nan yawu kan zuba, in ji masu magana, amma mai labari ba karin maganar zai kawo ba, babban yatsan mutumin zai nuna mana yana shawagi a kan waya.

Akwai inda Rasha da Yola suka rabu, kuma bai kamata a ɓoye ba. Cekof yana Mosko, mujallar na fitowa a wani birnin, ana karanta ta a daula mai faɗin gaske, ga sunan aro ya lulluɓe shi. A Yola kowa ɗan'uwan wani ne ko surukinsa. Ka rubuta labarin wani oga, kafin magariba an fara tambaya: da wa yake? Mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as. Wanda ba ka taɓa tunaninsa ba shi ne zai aiko a ja maka kunne ta hannun kawunka. Ga doka kuma. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sha kai masu rubutu gaban alƙali a ƙasar nan, kuma a watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar kotu, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Ban kawo wannan don in ce hukuncin ya dace ba, ni a ganina bai dace ba. Na kawo shi ne don a ga cewa wanda ya auna mutum ya ba da kansa, wanda ya auna hali kuwa da wuya a samu inda za a kama shi. Wane ne zai je kotu ya ce shi ne ogan da ya canza magana sau uku?

Ɓangaren darasin da ya fi ɗaci shi ne wanda marubutanmu suka fi gudu. A labaranmu talaka kusan kullum mala'ika ne, mai kuɗi ko mai mulki shaiɗan. Cekof bai yarda da wannan sauƙin ba. A wani labarinsa na 1883 wani ƙaramin akawu ya yi atishawa a gidan wasa, yawun ya fantsama a sanƙon wani Janar da ke zaune gabansa. Janar ɗin ba ogansa ba ne, ya ma manta da zancen. Akawun ne ya kasa mantawa. Ya ba da haƙuri nan take, ya sake bayarwa a lokacin hutu, washegari ya bi shi ofis, ya sake komawa, har mutumin ya gaji ya daka masa tsawa. Akawu ya koma gida ya kwanta a kujera da kayan aikinsa, ya mutu. Babu wanda ya zalunce shi, tsoron da ya rena a cikinsa ne ya cinye shi. A wani labarin na shekarar kuma abokan makaranta biyu ne suka haɗu a tashar jirgin ƙasa, suka rungumi juna suna tuna yarinta, har ramammen ya ji muƙamin da mai ƙibar ya kai. Nan take ya tsuke, ya fara rusunawa yana kirari, mai ƙibar ya roƙe shi ya bari, ya ƙi, har abin ya ba shi ƙyama ya tafi. Wanda ya taɓa tsayawa a filin jirgin saman Yola ranar da wani babba zai sauka, ko a ƙofar gidan ɗan siyasa da hantsin Sallah, ya san ba sai an je Rasha ba. Hawainiya ma ai da dariyar jama'a ta ƙare, kuma wanda aka ciza suka yi wa. Gatsen da ya tsaya kan manya kaɗai yana sa mai karatu ya ji shi wankakke ne, wannan kuwa lallashi ne aka yi masa.

Kada wani ya ce wannan salon Turawa ne da bai dace da mu ba. Maƙwabtanmu sun riga mu gwada shi. Ferdinand Oyono na Kamaru, a wani ɗan littafinsa na 1956, ya tsayar da tsoho Meka, wanda 'ya'yansa biyu suka mutu a yaƙin Faransa ya kuma ba wa mishan gonarsa, a cikin da'irar da aka zana da farar ƙasa, a tsakar rana, takalmi na matsa shi, fitsari ya cika masa mara, yana jiran a maƙala masa lambar yabo. Da'irar nan ta faɗi abin da dogon jawabi a kan mulkin mallaka ba zai faɗa ba. Chinua Achebe, a wani gajeren labari da ke cikin tarinsa na 1972, ya shigar da ɗan kamfe ɗakin jefa ƙuri'a bayan ya ci kuɗin ɓangare biyu ya kuma yi rantsuwa. Mutumin ya yaga takardar biyu ya jefa rabi a kowane akwati, ya fito yana taƙama. A gida kuma, Abubakar Imam ya kwaso labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya zuba a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, amma ya sake musu dangi da gari da harshe har ba ka jin warin baƙunta. Aro irin wannan ake nufi. Wanda ya ɗauki Hawainiya ya mayar da kare akuya, Janar ya zama kwamishina, bai koyi komai ba, kwafa ya yi. Abin ɗauka shi ne dabarar neman wani ɗan abu na zahiri, kwat ko ƙusa ko da'ira ko takardar ƙuri'a, wanda zai ɗauki nauyin da murya take ɗauka a baki. A zafin Yola na watan Maris babu mai sa kwat. Amma akwai kujerar da ake miƙa wa wani baƙon a bar wani a tsaye, akwai wanda ake kawo wa ruwan leda da wanda ake buɗe wa firji.

Rediyo na iya taimakawa, tana kuma iya ɓatawa. Labarin da aka karanta a ABC Yola ko Gotel ko Fombina ya samu muryar da takarda ta hana shi, sai dai mai karantawa yakan so ya nuna ya gane, ya dinga lanƙwasa murya yana ƙyaƙyatawa kafin mai sauraro. Irin wannan labari da sanyin murya ake karanta shi, yadda ake karanta sanarwa.

Akwai kuma inda gatse ba ya shiga, Cekof kansa ya san haka. A 1886 dattijon marubuci Grigorobic ya rubuta masa wasiƙa yana ce masa ya daina wasa da baiwarsa, daga nan dariyar labaransa ta fara raguwa, tausayi ya ƙaru. A 1890 ya ɗauki hanyar Saberiya, tafiyar kusan wata uku a keken doki da jirgin ruwa, zuwa tsibirin Sakalin inda Rasha take jibge fursunoni. A can bai yi wa kowa ba'a ba. Ya bi bukka bukka yana tambayar mutane suna da shekaru da asali, ya cike kati kusan 10,000, ya dawo ya rubuta littafin da ya fito a 1895 da harshe miƙaƙƙe.

Mu ma muna da namu wurin da gatse ba ya shiga. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, dubban mutane suka kwararo Yola, wasu a sansanonin Damare da Malkohi da Fufore, wasu a harabar cocin Santa Teresa da ke Jimeta, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa da na waɗanda ba su taɓa sani ba. A 2015 bama-bamai suka tashi a kasuwar Jimeta da masallacin Jambutu. Mai gatse yana da abin yi a gefen wannan labari: baƙon da ya zo da buhu goma da masu ɗaukar hoto biyar, wanda ya sa a sake miƙa buhun saboda hoton farko bai fito da fuskarsa ba. Wannan halas ne a yi masa. Amma matar da ke tsaye a layi da goyo tana jiran buhun, ba a gatse da ita, ba a kuma ƙirƙira mata magana daga ɗaki mai fanka. Sai an je an zauna an tambaya, an saurara. Daga Jimeta zuwa Malkohi kuwa tafiyar ba ta kai ta awa guda ba.